Shekarar da Aka Dawo Mini da Kanarina

Ran kasuwar Bici da ta wuce wani saurayi ya tsaya a kaina, ya ɗaga keji ɗaya yana jujjuya shi, ya ce da abokinsa, "Wannan ai ba sana'a ba ce, hutu ne. Ka rataye keji a bishiya, ka miƙe ƙafa a inuwa, tsuntsu ya kawo kansa." Ban tanka masa ba, don ina tsakiyar ciniki. Amma tunda na ji ku ma kuna irin wannan magana a dandali, to ku gyara zama. Ni ne Sale Mai Kanari. A wannan ƙauye namu na tsakanin Bici da Kunci aka haife ni, a nan na yi furfura, kuma in ka cire noma, ban taɓa cin abinci da wata sana'a ba sai kamun kanari da saƙa masa keji.

Aikin farko da Kawu Tanko ya ba ni shi ne feƙe tsinke. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya koya mini sana'ar nan lokacin da gemu ya fara tsiro mini. Na je wurinsa ina ɗokin shiga gonaki da tarko, sai ya turo mini damin gwangwala da 'yar wuƙa, ya ce in zauna. Gwangwala kashi biyu ce. Akwai totuwar ciki mai laushi, da ita ake ginshiƙan keji. Akwai ɓawon waje mai tauri, shi ake tsagawa a feƙe ya zama tsinke. Dole kowane tsinke ya yi sumul, don in yana da ƙaiƙayi zai yanki ƙafar tsuntsu. Huda kuma da waya mai zafi ake yin ta, a jere, ba a karkace ba. Ma'aunin Kawu ɗaya ne: in kan ƙaramin yatsanka ya shige tsakanin tsinke biyu, kan tsuntsu ma zai shige, kuma in ya shige ya kasa fita, gawa za ka tarar. Duk kejin da na saƙa bai yi masa ba, ba ya faɗa, sai dai ya miƙa wa matarsa ya ce ta hura wuta da shi. Rani guda na yi ina ba ta makamashi.

Kejin tarko shi ne wanda hannu ke daɗewa bai iya ba. Hawa biyu ne. Ƙasa ɗakin ɗan kira ne, wato namijin kanari mai kuka wanda ya saba da keji, shi ke kirawo na daji. Sama kuma ɗakuna biyu ne masu murfi. Kowane murfi an ɗaure shi da robar tayar keke, an tokare shi da ɗan tsinke, tsinken kuma yana haɗe da sandar da tsuntsu zai sauka a kai. Ka saƙala guntun zangarniyar gero a ciki. Da ya dira, tsinke ya goce, murfi ya faɗa. To duk sirrin yana jikin robar nan. In ta yi tsauri, murfi ya karya masa fiffike. In ta yi sanyi, ya fice kafin ta rufe, kuma kanarin da ya taɓa tsallake tarko ba ya sake kusantar keji har ya mutu.

Tsuntsun farko da na kama da hannuna, da sauri na kawo shi gida ina washe baki. Kawu ya leƙa keji, ya ce, "Madalla. Ka kawo mana matar kabare. Sai ka nema mata masauki."

Na ce, "Kawu, ai rawaya ce."

Ya ce, "Garin ɗorawa ma rawaya ne. Ka taɓa jin ya yi kuka?"

A ranar ya zaunar da ni gaban ɗan kiransa ya sa ni na kalle shi gaɓa-gaɓa. Kanari bai kai gwara girma ba. Cikinsa rawaya ne fes, bayansa tsanwa-tsanwa, tsakar kansa da ƙeyarsa ruwan toka. Yana da gira rawaya, da baƙin zane da ya ratsa ido, da wani zanen da ya gangaro daga gefen baki kamar gashin baki. Bakinsa gajere ne mai kauri, na fasa ƙwaya. In ya tashi za ka ga gindin wutsiyarsa rawaya, tashin nasa kuma hawa da sauka ne, kamar mai tsallake kunyoyin gona. Kabare ya fi shi tsawon jiki da tsawon baki, ba shi da wancan zanen, kukansa kuma hayaniya ce kawai. Macen kanari tana da baƙaƙen ɗigo a maƙogwaro, a jere kamar ta sa dutsen wuya. Sai dai ku yi hattara, ƙaramin namiji ma da ɗigon nan yake tashi, sai ya yi sauyin gashi suke zubewa. Nan ake gane wanda ya iya: ka dubi hasken girar, ka dubi yadda yake miƙe wuya. Mace kuwa nan take ake sakin ta. Ba ta kuka, tana ci, kuma kanarin baɗi a cikinta yake.

Neman bishiya ma aiki ne mai zaman kansa. Masu cewa kanari tsuntsun daji ne ba su san shi ba. Ba ya son duhun kurmi, ba ya son fili fetal. Irin ƙasarmu yake so, inda gona ta jingina da gona, an bar gawo nan, ɗorawa can, tsamiya a bakin hanya, ga lambu ko kududdufi ba nisa. Bayan girbi sukan taru garke-garke a masussuka suna tsintar abin da ya zube, lokacin ba su cika kula ɗan kira ba, ciki ne a gabansu. Amma in bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa, sai mazan su rarrabu, kowa ya kama bishiyarsa, ya hau can ƙololuwa yana shela. Lokacin aikinmu ke nan. Da ka ga mace tana ɗaukar zaren ciyawa tana kai wa cikin reshe, ta fara gina 'yar sheƙarta mai kamar ludayi, to ka naɗe kayanka daga wannan bishiya. In ka ɗauke namiji a lokacin, 'ya'yan ne za su mutu.

Zancen kwanciya a inuwa kuwa, bari in gaya muku yadda take. Ka rataye keji da sassafe a reshen da rana ba za ta doka ba, ka duba babu kwarkwasa a jikin bishiyar, ka ja da baya ka tsuguna. Idonka ɗaya a keji, ɗaya a sama saboda shaho. Ɗan kira ya saki murya. Mai bishiya ya ji baƙo a gidansa, ya amsa. Su yi ta musayar kuka, shi yana saukowa reshe-reshe, ya saki fukafukai, ya buɗe baki, faɗa ya zo yi. Da murfi ya faɗa, da gudu za ka isa ka lulluɓe kejin da ƙyalle. In ka yi nawa, zai yi ta dukan tsinke da goshi har ya fasa shi, kuma tsuntsun da ya fasa goshi ya tashi daga kayan kasuwa. Daga nan sai rarrashi: wuri mai duhu-duhu, ba hayaniya, gero da riɗi, ɗan ganyen latas, yashi mai kyau da dakakken ɓawon ƙwai. Ka ajiye shi inda zai riƙa jin gwani ba tare da ya gan shi ba. Wani ya saki jiki da wuri, wani sai an yi watanni, wani kuma ya ƙi ci sam, ka buɗe masa ƙofa tun bai mutu a hannunka ba.

Masu sayen kanari mutanen zaman wuri ɗaya ne: teloli, wanzamai, masu shayi, masu gyaran keke. Kowa da kunnensa. Tela yana son mai dogon numfashi wanda zai yi gasa da keken ɗinki. Mai shayi yana son mai tashi da asuba. Akwai dattijon da yakan zo ya tsuguna gaban kejina ya rufe ido, sai ya saurari kowane tsuntsu kafin ya nuna ɗaya da yatsa, bai taɓa duban launi ba.

Bayan rasuwar Kawu na kama ɗan kiran da ban taɓa samun irinsa ba, kafinsa ko bayansa. A wani gawo na bayan gari na same shi, yatsarsa ɗaya a guntule, ban san abin da ya cinye ta ba. Na sa masa suna Gardi. Ba ya gajiya, ba ya tsoron baƙuwar bishiya, kuma akwai wata tsokana a muryarsa da babu namijin da zai ji ya yi shiru. Da shi na yi aure, da shi na sayi tumaki, da shi aka san ni daga Kunci har Gezawa.

Sai shekarun fari suka zo. Damina ta farko ta yi rowa, muka ce a yi haƙuri. Ta biyu gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ko kai bai fitar ba. Ciyawa ma ba ta yi ƙwaya ba, kuma inda babu ƙwayar ciyawa babu kanari. Na riƙa ɗaukar Gardi bishiya-bishiya, ya yi kira har muryarsa ta dushe, babu mai amsawa. Sun yi kudu, waɗanda ba su tafi ba sun mutu.

Wata safiya ina zaure sai ga wani tela daga Bici, ya jingine kekensa, ya kwance keji daga baya ya ajiye a gabana. Na gane tsuntsun, ni na sayar masa.

Ya ce, "Malam Sale, ba ciniki na zo yi ba. Karɓi abinka. Babu mai ɗinki yanzu, kuma geron da zan ba shi, yara na kallo."

Na ce, "Ni ma ai gidan ba hatsi."

Ya ce, "Na sani. Amma kai ka san yadda ake yi da su. Ni in ya mutu a shagona ba zan ji daɗi ba." Ya hau kekensa ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Kamar an yi shela. Mai shayi ya kawo nasa, mai gyaran keke ya kawo nasa, wani ma aikowa ya yi don kunya. Kafin wani lokaci zaurena ya cika da keji, an rataye wasu a azara, wasu a ƙasa. Kuma ba tarkace ba ne, gwanaye ne, zaɓaɓɓun da na kama cikin shekaru. Maƙwabta suka ce in sake su. Sakin tsuntsun da ya shekara a keji cikin fari, kisa ne da wani suna. Bai san neman ruwa ba, bai san shaho ba, kuma waje babu ko ƙwaya. Wani ya ce a gasa su. Na ce ya ɗauki ɗaya a tafinsa ya ji nauyinsa, duk jikin bai kai loma ba.

Tonon gidan tururuwa shi ya riƙe mu a lokacin. Ku ba ku san shi ba, Allah kada ya sa ku sani. Tururuwa takan tara ƙwayar ciyawa a ƙarƙashin ƙasa, garaji da harƙiya da guɗe-guɗe, ɗaki-ɗaki kamar rumbu. Sai ka bi layinta har ramin, ka haƙa da fartanya a hankali, tana cizonka kana kwasa. Ni da maiɗakina Lantana muke fita. Ta sheƙe, ta bushe ƙasar, abin da zai rage bai wuce cikin 'yar ƙwarya ba. Da shi take dama wa yara kunu. Ni kuma in ɗebi tafi guda in kai zaure.

Rannan na miƙa hannu zan ɗiba sai ta dafe ƙwaryar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, tururuwa ta tara, mun ƙwace mata saboda yara. Yanzu kuma yaran za a ƙwace wa saboda tsuntsu?"

Na ce, "In suka mutu, sana'ar ce ta mutu."

Ta ce, "Sana'a ana sake ta. Dubi wuyan yaran nan."

Na duba. Gaskiyarta ce. Na ce ta ba ni zuwa kasuwar Kunci mai zuwa, in ban samo mafita ba, ba zan ƙara taɓa ƙwaryar ba. Ta ɗauke hannunta.

A kasuwar na gamu da Ila direba, wanda ke lodin shanu zuwa kudu. Lokacin makiyaya na zubar da dabbobinsu a wulaƙance, manyan motoci sai ɗiba suke. Na ba shi labari. Ya ce shi ta Lafiyar Barebari yake bi, can an yi ruwa, dawa da masara da rogo sun yi, kuma ya ga teloli a garin suna rataye kanari. Na ce ai can ma akwai kanari a daji. Ya ce, "Akwai, amma masu kama su ba su iya horo ba. Kawo kayanka, ka hau sama. Sai dai in sun mutu a hanya, ba ruwana."

Ɗaure keji a kan motar shanu, shi ne aikin da ya fi kowane wuya a rayuwata. Na jera su a kan katakon da ke bayan kan mota, na sa buhu a ƙarƙashi don girgiza, na ɗaure kowane da igiyar rama. Ruwa ba ya zama a mazubi in mota na tafiya, don haka na jiƙa auduga na cusa a kowane keji su riƙa tsotsa. Na lulluɓe su da buhun algarara, na riƙe gora ina yayyafa masa ruwa duk lokacin da ya bushe, don iska in ta ratsa jiƙaƙƙen buhu sanyi take kawowa. Rana ta buɗe, ƙarfen mota ya ɗau zafi, a ƙarƙashina shanu na durƙushewa ana ɗaga su da wutsiya. Duk inda aka tsaya, kafin in nemi abin da zan sa a baki sai na cika gora na bi keji ɗaya-ɗaya. Duk da haka wasu ba su kai ba. In na ɗaga buhu na ga ɗaya a ƙasa ƙafa sama, in cire shi in ajiye a gefen hanya, in ci gaba. Kejin Gardi kuwa a cinyata ya yi tafiyar, cikin rigata.

Muka wuce Zariya, ƙasa ta fara canzawa. Da muka gangara can kudu sai ga kore ko'ina, dawa ta fi mutum tsawo. Ila ya sauke ni a Lafiya, ya ce in ya juyo zai neme ni a tasha.

Na baje kaya a bakin kasuwa. Mutane suka taru, suka leƙa. Tsuntsaye duk sun kumbura gashi, sun lumshe ido, ko cit babu mai cewa. Wani ya ce, "Bakano, bebaye ka kawo mana?" Aka yi dariya aka watse. Na yini ban sayar da ko ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba, kanarin da ba ya kuka gwara ce mai launi.

Na san abin da ke damun su: gajiya, yunwa da baƙunta. Na ba wata mai awo kejin wofi ɗaya, na waɗanda suka mutu, ta ba ni gero da riɗi. Na ciyar da su, na guntsi ruwa na fesa musu suka yi wanka, na ajiye su a rana mai sanyi suka gyara gashi. Na bar su suka huta, ban nuna su ga kowa ba. Saura abu ɗaya. Kanari ba ya son shiru. Ƙarar zubar ruwa, ko suyar mai, ko keken ɗinki, su ke buɗe masa maƙogwaro. Na bi kasuwa har na samu layin teloli, na yi sallama da babbansu, wani dattijo da ake ce wa Alhaji Bawa, na roƙe shi ya bar ni in rataye keji a rumfarsa.

Ya ce, "Naka ne bebayen da ake labari?"

Na ce, "Nawa ne, Alhaji. Aron ƙarar kekunanku nake so."

Ya yi murmushi ya ce in rataye.

Na jera su tun kafin a buɗe shaguna, na sa ƙyalle tsakanin keji da keji yadda za su ji juna ba su ga juna ba. Gardi na sa a tsakiya, sama da kowa. Teloli suka zo, suka yi bisimilla, kekuna suka fara ruri. Gardi ya karkata kai. Ya girgije, ya goga baki a sanda, ya ce cit, ya sake cewa cit. Sai ya miƙe wuya ya saki. Kafin ya kai ƙarshe tsuntsun telan Bici ya karɓa, na mai shayi ya shigo, sai rumfar ta ɗauka gaba ɗaya. Teloli suka ɗage ƙafa daga keke, tsuntsaye ba su tsaya ba. Masu wucewa suka cika hanya.

Na ce musu ni ba kuɗi nake so ba, don kuɗi ba ya sayen hatsi a inda na fito. Mai dawa ya kawo dawa, mai masara ya kawo masara, wata mata ta kawo alabo ta ɗauki ɗaya ta ce na mijinta ne. Kafin la'asar babu keji a rumfar sai na Gardi. Na tattara abin da na samu na duba. Abinci ne, amma ba zai kai mu wata kakar ba, ga kuma waɗanda suka kawo mini tsuntsayen, su ma da bakinsu a ciki.

Alhaji Bawa ya daɗe yana kallon sama inda kejin Gardi yake. Ya ce, "Wancan mai guntuwar yatsar fa?"

Na ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne, Alhaji. Shi ne kayan aikina. Kai za ka sayar mini da kekenka?"

Ya ce, "In yarana na kwana da yunwa, da kaina zan ɗora maka shi a ka." Sannan ya ce, "Ba cutarka zan yi ba. Buhun dawa cikakke, daga rumbuna, ni zan sa a kai maka tasha. Ka yi shawara."

Ban daɗe ina shawara ba. Na sauko da kejin na ajiye masa a kan teburin yanka. Na ce kada a ba shi gero mai fumfuna, kada a bar shi a rana in ta take, a riƙa canja masa ruwa safe da yamma, in ya fara sauyin gashi ya yi shiru kada a ce ya lalace, a ƙara masa riɗi a ƙyale shi. Alhaji ya ce in maimaita, na maimaita. Muka yi musabaha.

Da Ila ya sauke ni a bakin titi, jaki na nema ya kai kayan gida. Lantana ta fito, ta dubi buhuna, ta dubi hannuna.

Ta ce, "Ina Gardi?"

Na nuna babban buhun, na ce, "Ga shi nan."

Ta shiga ta ɗauko turmi. Washegari na bi masu tsuntsayen gida-gida da rabonsu. Telan Bici ya ce shi kyauta ya ba ni, ba zai karɓa ba. Na juye masa a kan tabarma na fito.

Da wannan hatsi, da ganye, da abin da Allah ya hore, muka ga damina. Ruwa ya sauka, ciyawa ta yi ƙwaya. Amma kanari bai dawo a shekarar ba, sai a bazarar gaba na ji ɗaya yana kuka a kan gawon bayan gari. Na tsaya da fartanya a kafaɗa ina saurare. Ga tsuntsu, ga kejin tarko a rataye a zaure, babu ɗan kira. Tarkon da babu ɗan kira kuwa kangon gida ne. Wasu suka ce in sa danƙo ko tarkon izgar doki. Danƙo yana ɓata gashi, izga tana karya ƙafa. Na abin miya ne, ba na mai kuka ba. Na tambaya ko'ina, duk ƙasar babu wanda ya rage da kanari a keji.

Ashe akwai. Wata safiya sai ga wani tsohon wanzami daga Kunci, Baba Jibo, ya zo a ƙasa da zabirarsa a kafaɗa, yana rungume da wani abu a naɗe cikin mayafi. Ya zauna ya huta, ya sha ruwa, sannan ya warware. Keji ne, saƙar hannuna ta tun da daɗewa, da wani tsohon kanari a ciki, ƙeyarsa ta yi sanƙo.

Ya ce, "An ce kana neman ɗan kira."

Na ce, "Baba, kai ba ka rabu da naka ba?"

Ya ce, "In rabu da shi in yi hira da wa? Tare muka sha kunun farin nan, ni ludayi, shi ɗigo. Ya ci ya ƙoshi a zaune, yanzu ya fita ya yi aiki."

Na duba tsuntsun sosai. Na ce, "Ya tsufa, Baba. Kuma bai taɓa kira a bishiya ba, sai a rumfar aski."

Ya ce, "Ni ma na tsufa, kuma jiya na yi wa mutum ƙaho. Tashi mu je."

Na mai da tsohon kanarin cikin kejin tarko, na sa sabuwar roba, na gwada murfin da yatsa har ya yi mini. Muka tafi gawon nan, na rataye, muka ja baya muka tsuguna a kan kunya. Tsohon tsuntsu ya takure a sanda yana kallon sararin da ya manta. Hantsi ya fara ɗagawa bai ce komai ba. Baba Jibo ya buɗe zabira ya zaro aska da dutsen washi, ya fara wasa ta, ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar yadda yake yi kowace safiya a rumfarsa. Tsuntsun ya ɗaga kai. Ya fara da wata murya a shaƙe kamar mai tari, ya tsaya, ya sake, sai ta washe.

Daga ƙololuwar gawo aka amsa. Muka ga mai bishiya ya sauko reshe ɗaya, ya sauko na biyu, fukafukai a sake, ciki rawaya fes, babu ɗigo ko ɗaya a wuya. Ya zagaya kejin, ya hau kansa, ya leƙa zangarniya. Murfi ya faɗa.

Na isa da gudu na lulluɓe. Da na juyo, Baba Jibo na mai da askarsa cikin zabira ba gaggawa. Na cire masa tsohonsa na mai da shi kejinsa, ya karɓa ya naɗe da mayafi, ya miƙe yana dafa gwiwa.

Ya ce, "To, ya biya kununsa. Aro na ba ka, ba kyauta ba. In kana son sa gobe, ka zo Kunci da jaki ka ɗauke mu mu biyu, don ba ya aiki sai da ni."